Kurakuran da ake tafkawa wajen tantance ko kirifto damfara ce

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a yi wa komai kuɗin goro a ce "kirifto", wato kuɗin intanet. Bitcoin, wanda ya fara aiki a 2009, kundin hada-hadarsa a buɗe yake, kowa zai iya dubawa, kuma adadinsa ba zai wuce miliyan 21 ba. OneCoin da Ruja Ignatova ta tallata kuwa ba shi da irin wannan kundi ko kaɗan. Lambobi kawai ake rubuta wa mutum a shafinsa yana murna, har aka kwashe wa jama'a kusan dala biliyan 4, ita kuma ta yi ɓatan dabo tun 2017. Kafin ka yanke hukunci, ka ware wanda ake magana a kansa, ka tambayi wa ya ƙirƙiro shi, nawa ya riƙe wa kansa, kuma daga ina ribar take fitowa. In da kuɗin sabon shiga ake biyan tsoho, to an gama magana, damfara ce.

Wasu kuma farashi ne hujjarsu. Ya hau, sai su ce masu suka sun ji kunya; ya faɗi, sai ɗaya ɓangaren ya ce ai mun faɗa. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ya sauko ƙasa da 17,000, daga baya ya sake hawa. BitConnect ma, wani kirifto da ya tabbata damfara ne, ya yi ta hawa kafin ya rufe a Janairun 2018. Farashi ba ya wanke kowa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake yi wa masu suka. Warren Buffett, attajirin mai zuba jari ɗan Amurka, ya kira Bitcoin gubar ɓera a 2018, sai aka ce tsoho ne, bai san fasaha ba. Amma hujjarsa tana nan ba a amsa ta da zagi ba: gona tana ba da amfanin gona, kamfani yana ba da riba, shi kuwa wannan ba ya haifar da komai, ba za ka ci riba ba sai wani ya saya a hannunka da tsada. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, wannan ce maganar da za ka tunkara. Jamie Dimon, shugaban bankin JPMorgan, ya ce Bitcoin zamba ce a 2017, sai ga bankinsa ya sanar da nasa JPM Coin a 2019. Daidai ne a lura cewa ɗan banki yana da abin karewa, sai dai samun maslaha ba ya mayar da magana ƙarya. Kuma wanda yake tallata maka kuɗin, ai shi ma yana riƙe da shi, yana jiran ka saya ya ƙara daraja. Me ya sa ba a tuhumarsa?

Masu cewa ribar kusan kashi 20 cikin 100 da ake bayarwa a kan kirifton TerraUSD ba za ta ɗore ba, dariya aka yi musu. A Mayun 2022 abin ya ruguje, dukiyar kusan dala biliyan 40 ta salwanta. Duk da haka kada girman suna ya zama hukunci. Ka nemi mai suka ya nuna maka inda matsalar take, ka je ka duba da kanka.

Sai rashin bambance kuɗin da kamfanin da ke ajiye maka shi. FTX, kamfanin saye da sayar da kirifto, ya durƙushe a Nuwamban 2022 ne saboda an karkatar da ajiyar abokan hulɗa zuwa wani kamfani ɗan uwansa, Alameda Research, aka yanke wa shugaban FTX, Sam Bankman-Fried, ɗaurin shekara 25 a 2024. Matuƙar makullan sirrin da ke ba da ikon taɓa kuɗin suna hannun kamfani, alkawari kawai kake riƙe da shi. In ka mayar da kuɗin walat ɗinka, wato ma'ajiyar da kai ke riƙe da makullanta, ka rubuta kalmomin sirri 12 ko 24 da walat ɗin ke ba ka a takarda ka adana, kada ka ɗauki hotonsu a waya, domin in sun ɓace babu ofishin da zai dawo maka da su.