Ku bar yara su rubuta tambayoyin gasar da kansu

'Yan'uwa masu koyar da matasa gasar Littafi Mai Tsarki, ku daina kashe kuɗin mota zuwa gari don buga takardun tambayoyi.

Ku yanka tsohon kwali ƙanana-ƙanana. Kowane yaro ya ɗauki sura guda, ya rubuta tambaya biyar, amsa da lambar aya a bayan kwalin. Littafin Markus sura 16 ne, in yaran takwas ne kowa ya ɗauki biyu, an gama. A zuba a ƙwarya, ranar Lahadi bayan sujada a riƙa ja.

Yaron da ke neman tambayar da za ta kayar da abokinsa sai ya karanta surar sau uku ba a sa shi ba. Sunayen garuruwa da adadin kwandunan gutsattsarin gurasar da ta rage bayan Yesu ya ciyar da jama'a, da suke ba mu wahala a da, yanzu sun zauna musu. Abin ya faranta mini rai ƙwarai.

Amma ku duba kowane kwali da kanku, yara kan rubuta aya ba daidai ba. Ku kuma tambayi fasto fassarar da alƙalai za su bi, don kalmomin sukan bambanta.

Lokacin girbin gero wannan tsarin ba ya tafiya, yaran suna gona. Ku fara bayan kaka.