Yadda ake zaɓen 'yan biyar da tsara canji a ƙwallon kwando

Malam koci, kafin ka rubuta sunan kowa, ɗauki takarda ka rubuta 200 a samanta. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, da muke bi a Kamaru, wasa zango huɗu ne, kowanne minti 10, mutum biyar a fili. Minti 200 ke nan za ka raba tsakanin 'yan wasa 12. Kada ka kwafi tsarin NBA, babbar gasar Amurka, ido rufe. Can zango minti 12 ne, kuma sai laifi shida ake fitar da ɗan wasa, mu kuwa biyar.

Fara da zaɓen waɗanda za su rufe wasa. Su ne masu sanyin zuciya, waɗanda hannunsu ba ya rawa a jifan kyauta (wanda ake ba ɗan wasa idan an yi masa laifi), ba sa zubar da ƙwallo idan an matsa musu. Duk sauran lissafin, don su kai mintuna biyar na ƙarshe da ƙarfinsu ake yinsa.

Daga nan sai 'yan biyar na farko. Kana buƙatar mai rarraba ƙwallo, masu jifa daga nesa biyu, mai tsaron da za ka manna wa gwanin abokan karawa, da dogo a ƙarƙashin kwando. Dogaye biyu da ba sa jifa daga nesa cunkushe wa juna hanya kawai suke yi.

Wurin canji ne koci da yawa ke tuntuɓe. A wasa mai zafi mutum takwas ko tara sun isa, gwanayenka biyu kuma kada su wuce minti 30 zuwa 32. Kada ka taɓa zaunar da su tare. Fitar da na farko a minti na 6, ya dawo da buɗe zango na biyu. Na biyun ya ƙarasa zangon farko sannan ya huta. Haka ma masu rarraba ƙwallo, dole ɗaya ya kasance a fili.

A Garwa da Marwa, zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, filin siminti kuma yana ƙona tafin ƙafa. Gajarta lokacin da kowa ke yi a fili a kowace shiga zuwa minti biyar ko shida, balle in azumi ne. Da ka ga yaro ya dafa gwiwa, ko yana jan ƙafa wajen komawa tsaro, cire shi. Ba zai ce maka ya gaji ba.

Wanda ya yi laifi biyu a zangon farko, zaunar da shi, amma ni ban yarda a bar shi a benci har hutun rabin lokaci ba. Mayar da shi, ka sauya masa wanda yake tsaro.

Ka sanar da 'yan benci lokacin shigarsu tun kafin wasa, don su shirya jiki da zuciya. Ka tuna musu Pascal Siakam, ɗan Duwala: daga benci yake shiga a ƙungiyar Toronto Raptors a kakar 2017 zuwa 2018, a 2019 kuma yana cikin 'yan biyar da suka ɗauki kofin NBA.

Sa mataimakinka ya riƙa rubuta makin da aka ci da wanda aka zura muku a lokacin kowane rukunin biyar. Bari a buga wasa uku ko huɗu kafin ka taɓa jerin.