Yadda Ake Rage Bashin Katin Banki a Kumasi

Katin bashi bai yaɗu a Ghana kamar MoMo, wato asusun kuɗi na wayar hannu, ba, amma ma'aikata masu albashi da wasu 'yan kasuwa a Adum da Kejetia, cibiyoyin kasuwancin Kumasi, suna riƙe da shi, kuma da yawa daga cikinsu sun haɗa shi da rancen waya. Abin da ke cutar da mai kati shi ne kuɗin ruwan da ke hawa kan ragowar bashi kowane wata, saboda haka duk matakan da ke tafe manufarsu ɗaya ce: a rage uwar kuɗin da wuri.

Da farko, ka daina amfani da katin. Ka cire shi daga aljihu, ka goge lambarsa daga manhajojin da kake sayayya da su, kuma kada ka ciri tsabar kuɗi da shi a na'urar ATM, domin a bisa al'ada irin wannan cirar tana da cajinta na daban kuma ruwa yana fara hawa kanta tun daga ranar.

Sai ka zauna da takardar bayanin asusunka ka rubuta kowane bashi a layi guda: nawa ya rage, nawa ne ruwansa, yaushe ne ranar biya, kuma mece ce tarar jinkiri. Ka saka rancen waya irin su Qwikloan, da abin da mai shago yake bin ka. Dokar masu ba da rance da masu karɓa ta 2020 ta wajabta wa banki ya bayyana maka sharuɗɗan bashi, don haka ka tambayi jimillar kuɗin ruwa na shekara ba tare da jin nauyi ba.

Mataki na uku shi ne wanda ya fi bukatar natsuwa. Banki yana rubuta maka mafi ƙarancin abin da za ka biya, mutane kuma sukan ɗauka wannan adadin ya wadatar, alhali yawancinsa ruwa ne. Mu ɗauki misali: ana bin ka sidi 6,000, ruwa kuma kashi 3 cikin ɗari a wata. A watan farko ruwan sidi 180 ne. Idan ka biya 300, sidi 120 kawai ya fita daga uwar kuɗin, kuma a wannan tafiyar za ka shafe kimanin wata 31, ka biya ruwa kusan sidi 3,300. Idan ka daure ka riƙa biyan 600, bashin zai ƙare cikin kusan shekara guda, ruwan kuma bai wuce sidi 1,250 ba. A ganina, duk wanda ya yi wannan lissafin da hannunsa ba zai sake gamsuwa da mafi ƙarancin biya ba.

Idan basussukan sun fi ɗaya, ka biya wa kowanne mafi ƙarancinsa don kauce wa tara, sannan ka zuba duk rarar da ta samu a kan wanda ruwansa ya fi tsada, wanda sau da yawa rancen waya ne mai wa'adin kwana 30. Wasu sun fi son fara kashe ƙaramin bashi domin su sami ƙwarin gwiwa, kuma ba laifi, sai dai hanyar farko ta fi rage asara. Ka sa ranar biya ta zo daidai da shigowar albashi ko kwasar susu (adashi), tun kafin hidimar biki da suna ta cinye kuɗin.

Kada ka jira sai banki ya fara kiran waya. Ka je reshe da kanka, ka nemi a mayar da ragowar bashin rance mai tsayayyen biya na wata-wata da ruwa mai sauƙi, kuma duk abin da aka amince a ba ka shi a rubuce. Wannan yana da muhimmanci domin tun bayan dokar 2007 kan bayanan bashi, bankuna suna miƙa tarihin biyan abokan hulɗarsu ga kamfanonin adana bayanan bashi irin su XDS Data, kuma sunan da ya ɓaci a can yana hana samun jari nan gaba.

Cin sabon bashi daga manhajojin waya don biyan tsoho kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi kan manhajojin da ba su da lasisi, waɗanda wasunsu ke tona asirin mutum ga lambobin da ke cikin wayarsa. Ya fi alheri ka tunkari ɗan'uwa ko maigidanka a kasuwa ya ba ka rance marar ruwa, musamman ga Musulmin da riba ke damun zuciyarsa, ku rubuta adadi da wa'adi a gaban shaidu kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta umarta.

Bayan ka gama biya, ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai. Idan za ka ci gaba da riƙe katin, ka nemi a rage iyakar abin da za ka iya ci, ka kuma riƙa biyan dukan abin da ka kashe kafin ranar da aka rubuta a takardar wata.