Kurakuran da aka fi yi wajen ɗaura sari da yadda za a gyara su

Sari, tufar matan Indiya, ƙyalle ne guda ɗaya, ba ɗinki, ba maɓalli, ba zif. Tsawonsa yawanci yadi 6 ne, wato wajen mita 5 da rabi, faɗinsa kuma ya ɗan haura mita 1. Abin da ke riƙe da wannan uban yadi a jikin mace shi ne fatarin da ke ƙarƙashi, kuma a nan masu koyo suka fi yin tuntuɓe tun ba su taɓa sarin ba.

Sai ki ga an ɗauko siket mai roba a ƙugu an ce ai ya wadatar. Roba saki take yi. Sarin siliki irin na garin Banaras ko na Kanchipuram a Indiya, mai saƙar zaren zinariya a baki, nauyi gare shi, kafin ki gama gaisawa da mutane ya fara sharar ƙasa. Matan Indiya fatari mai mazagi suke sawa, launinsa ɗaya da na sarin, tsawonsa zuwa idon sawu. Ki ɗaure shi da kyau, amma ki bar inda yatsa zai shiga. Likitocin can sun ga matan da suka shekara da shekaru suna tsuke mazagi a wuri guda har fatar ƙugunsu ta yi baƙi, wasu har gyambo.

Takalmin da za ki fita da shi kuwa, sa shi tun kafin ki fara. Wadda ta ɗaura ba takalmi sannan ta hau mai tsini, sarinta zai ɗage kamar na aro.

Ɗaurin da muka saba gani a finafinan Indiya sunansa Nivi. Ana kama gefen da ba ado, a soke shi a fatari daga dama da cibiya, a zagaya ta hagu sau ɗaya ana sokewa, bakin ƙasa yana ɗan shafar ƙasa ko'ina daidai. Kuskuren da ya fi ba ni takaici a nan yake zuwa: mace ta zauna ta tsara ninkin gaba tsaf, sai da ta gama ta tarar abin da ya rage na kafaɗa bai kai ko gwiwar hannu ba. Wannan gefen mai ado, wanda suke kira pallu, shi ne fuskar sarin, shi masaƙi ya fi ɓata wa lokaci. Don haka shi za ki fara aunawa. Ki zagayo da shi ta ƙarƙashin hannun dama, ki ɗora a kafaɗar hagu ya sauka zuwa bayan gwiwa, ki maƙale. Rarar da ta rage a gaba ita ce ta ninki.

Ninkin kansa tsakanin babban yatsa da manuniya ake yin sa, faɗin kamar inci 5, guda 5 zuwa 7. Ki haɗa su, ki karkaɗe su sauka daidai, ki soke ƙasa da cibiya kaɗan, bakinsu yana kallon hagu. In suka tattaru wuri ɗaya a cikin fatari suka yi ƙulli, mace sai ta fito kamar mai ƙaramin ciki. Ki zura hannu ta ciki ki baje su. Kuma ba abin kunya ba ne wata ta durƙusa ta ja miki ninkin daga ƙasa, a gidajen Indiya ma haka ake yi.

Fil ɗin da ake maƙale sari da shi yana yaga siliki in ƙyallen ya shige murɗin da ke gindinsa. Ki zura ɗan dutsen ado ko ƙaramin maɓalli a jikin fil ɗin kafin ki soka, kuma a kafaɗa ki haɗa da 'yar rigar da ake sawa da sarin, ta baya inda ba a gani.

Sabon sari ba a ɗaura shi daga leda. Galibi akwai yadin 'yar rigar, wadda suke kira choli, haɗe a ƙarshensa, sai tela ya yanke. Tela ne kuma zai kalmashe bakin, ya ɗinka wani siririn ƙyalle ta ciki a ƙasan sarin don ya ba ninki nauyi, ya kare bakin daga tsagewa. Mai koyo ta fara da yadi mai laushi mara santsi. Auduga mai sitati kumbura take yi, siliki mai nauyi kuma zamewa.

Akwai masu gudun sari saboda zaton dole sai ciki ya fito. Ba haka ba ne. A jihar Gujarat ta baya ake kawo pallu, a ɗora a kafaɗar dama ya bazu a gaba ya rufe ƙirji da ciki. A ƙauyukan jihohin Rajasthan da Uttar Pradesh mata kan ja shi su lulluɓe kai, kusan yadda ake yi da laffaya. Riga mai dogon hannu da ta sauka har ƙugu ma tana tafiya da shi. Sai dai in za ki saya ki tambayi tsawon, don na jihar Maharashtra da ake kira nauvari yadi 9 ne, tsakanin ƙafafu ake ratsa shi a soke ta baya, ɗaurinsa daban yake da duk wanda na faɗa.