Yadda Ake Amfani da Kyamara Wajen Jinyar Farfaɗo da Ayyukan Yau da Kullum

Jami'in lafiyar da aikinsa shi ne taimaka wa majiyyaci ya koma yin wanka, sa tufafi, girki da sana'arsa bayan ciwo ko haɗari, zai amfana ƙwarai da kyamarar dijital, ko da ta wayar hannu ce, muddin ya riƙe hoton da amana irin wadda yake riƙe fayil ɗin majiyyaci da ita.

Kafin a ɗaga kyamara sai an nemi izini a rubuce, an bayyana wa mutum abin da za a ɗauka, da wanda zai gani, da cewa yana da ikon janye izininsa. Idan hannu ake so, kada fuska ta shigo. A kuma kashe alamar wuri, domin hoton dijital yana ɗauke da ɓoyayyen bayani na rana da inda aka ɗauke shi, wanda zai iya nuna gidan majiyyaci. Da zarar an gama, a mayar da hoton ma'ajiyar asibiti mai kalmar sirri, a goge shi daga wayar.

Wajen bibiyar samun sauƙin majiyyaci ne aka fi yin kuskure. Hoton tabon ƙuna ko na buɗewar yatsu ba ya da amfani sai in ana iya jera shi da na watan jiya, saboda haka dole nisa, haske da zaman majiyyaci su zama iri ɗaya kowane lokaci. A kafa kyamarar a kan matokarinta mai ƙafa uku, a daidaita ta da tsayin gaɓar, ta fuskance ta kai tsaye, domin ɗan karkacewa kaɗan yana sa kusurwa ta bayyana ba yadda take ba. A ajiye rula kusa da tabon, a guji filasha saboda ƙyallin fata. Duk da haka, hoto ba ya maye gurbin awon gaɓa da ma'aunin kusurwa.

A ziyarar gida, a ɗauki ƙofofi, matakala da banɗaki da tef ɗin awo a miƙe cikin hoton. Keken guragu yana buƙatar ƙofa mai faɗin kimanin santimita 80, gangaren shiga kuwa mita 12 na tsawo ga kowace mita 1 ta tudu.

Ga mai fama da mantuwa ko shanyewar ɓarin jiki, a raba aiki kamar sa riga zuwa hotuna biyar ko shida, da rigarsa da hannunsa, a buga su, a manna a inda yake yin aikin.

A ganina, mafi amfanin duka shi ne a miƙa wa majiyyaci kyamarar. Wasu masu bincike biyu, Caroline Wang da Mary Ann Burris, sun gwada wannan hanya ta miƙa wa mutane kyamara da matan karkara a lardin Yunnan na ƙasar Sin a farkon shekarun 1990. A ba mutum mako guda ya ɗauko abin da ke yi masa wuya da abin da yake marmarin komawa gare shi, sannan a zauna ya zaɓi hotuna uku ya yi bayaninsu da bakinsa. Daga cikinsu ake fitar da burin jinyar na makonni masu zuwa.