Kurakuran da aka fi yi wajen binciken yadda ƙungiyoyin gama kai ke kafuwa

Mai binciken da ya zaɓi hira da lura da tonon takardu maimakon ƙididdiga yakan fara tuntuɓe tun wurin zaɓen waɗanda zai nazarta. Sai ya nufi ƙungiyoyin da suka tsaya da ƙafafunsu, don su ke da ofis da sakatare. To, da me zai gwada su? Ana yawan ambaton mutum 28 da suka buɗe shagon gama kai a Rochdale ta Ingila a 1844, amma a garin nan an yi irin wannan yunƙuri a shekarun 1830, ya durƙushe. Abin da ya raba na farkon da na biyun shi ne naman binciken. Saboda haka a sa waɗanda suka watse a cikin ƙungiyoyin da za a nazarta, ko da neman tsofaffin mambobinsu zai ci lokaci.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa: ɗaukar ranar rajista a matsayin mafari. Ƙungiyar farko ta Mondragon a yankin Basque na Sifaniya ta kafu a 1956, alhali makarantar koyon sana'a da wani limamin coci, José María Arizmendiarrieta, ya buɗe tun 1943 ita ta yaye waɗanda suka kafa ta. Wanda ya soma daga 1956 ya tsallake shekarun da aka gina yarda. A tambayi mutane inda suka san juna, wa ya kira zaman farko, wa ya fara zuba kuɗi.

Sai dogaro da bakin shugaba. Ya maimaita labarin kafuwar har ya yi santsi, ba rigima, ba wanda ya yi fushi ya fice. Ba lallai ƙarya yake yi ba, ƙwaƙwalwa ce ke gyara abin da ya wuce. Maganinsa a ji ta bakin ma'aji da mambobin da ba su da muƙami, sannan a ɗora maganarsu kan rahoton taro da littafin shigar kuɗi. In shugaba ya ce an amince da tsarin mulki baki ɗaya, rahoto kuma ya nuna an ɗage zama saboda gardama kan rabon riba, nan ne wurin haƙa.

Tambaya ma tana ɓata hira. "Son daidaito ne ya haɗa ku?" amsarta "ƙwarai kuwa" ce. Gara a ce, "Me ya faru a zamanku na farko?"

Wasu kuma sukan ɗauko ƙa'idoji bakwai na gama kai da ƙawancen ƙungiyoyin gama kai na duniya ya amince da su a 1995, su cusa kowace magana a ƙarƙashinsu. Hanyar da masana ilimin zamantakewa Glaser da Strauss suka fitar a 1967 akasin haka ce: jigogi su fito daga bayanan, a ci gaba da hira har sabon abu ya daina ɓullowa. Manhajar nazarin bayanan hira irin NVivo jerawa kawai take yi, fassara aikin mai bincike ce.

Sauya sunan wanda aka yi hira da shi kuma ba ya rufa asiri a ƙaramar ƙungiya, domin ma'aji ɗaya ne. A nuna wa mutum maganarsa kafin a buga ta.