Farfesun Kaza da Zukini a Tukunyar Lantarki

Uwargida, idan kin shiga kasuwar Muda Lawal a Bauchi, ki tambayi masu kayan lambun Jos ko suna da zukini. Dangin kabewa ne, amma dogo ne kore kamar kokwamba. Guda 2 sun isa.

1. Ki wanke cinyoyin kaza 8, ki shafe su da gishiri, citta, tafarnuwa da kori. Cinya ta fi ƙirji jure doguwar dahuwa. Idan daga firiza kika ciro, bari ƙanƙarar ta narke tukuna.

2. Ki shimfiɗa yankakkiyar albasa a ƙasan tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali (wato slow cooker), ki jera naman a kai.

3. Ki zuba jajjagen tumatir 4, tattasai 2 da attaruhu, da dunƙulen ɗanɗano. Ruwa rabin kofi kawai. Wannan tukunya ba ta ƙone ruwa, kuma kazar ma za ta fitar da nata.

4. Ki rufe. Awa 6 a ƙaramar wuta, ko 3 a babba. Ki daina buɗewa kina leƙe, zafin ne ke gudu. In an ɗauke wuta ta daɗe, mayar da girkin kan gas.

5. Saura minti 30 ki yanka zukinin da ɗan kauri, da ɓawonsa, ki zuba. In kika sa shi tun farko, zai narke ya zama kamar kunu.

Ki kwashe da farar shinkafa. Mu a gidanmu da masa muke shan romon.